Na sayi faifan ajiya mai 4 TB, kwamfuta ta nuna 2 TB: ina sauran ya shiga?

Tambaya: Na sayi sabon faifan ajiya mai 4 TB don tara bidiyoyin aikina. Na haɗa shi da kwamfutata ta tebur mai Windows 10, na bi umarnin da ta ba ni har ya fito a This PC, sai na ga 1.99 TB kawai. Dama tsohon faifan da Windows ke kai an rubuta 1 TB a jikinsa, amma 930 GB yake nunawa, kuma kwanan nan C ya cika alhali fayilolina ba su kai rabinsa ba. Na riga na kwafa bidiyo kusan 600 GB a sabon. Abokina ya ce in yi masa fomatin zai dawo daidai. Jabu aka sayar mini, ko lalacewa ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai, kada ka yi fomatin ɗin nan. Ba zai ƙara maka ko gigabait ɗaya ba, bidiyoyinka na 600 GB kuwa zai tafi da su. Fomatin sharar ɗaki ce, ba ta ture bango. Ɗakin da aka yanka maka 2 TB ne, ko sau goma ka share shi a 2 TB zai tsaya. Na sha karɓar faifai daga hannun mutanen da suka bi irin wannan shawara, garin neman gira suka rasa ido, kuma abin da ke damuna shi ne matsalarsu ta asali ba ta wuce aikin minti goma ba.

Daga lambobin da ka kawo, ban ga alamar jabu ba, ban kuma ga ta lalacewa ba. Matsaloli uku na gani waɗanda ba su haɗa hanya ba, sai dai duk sun zo maka da fuska ɗaya, wato ƙarancin wuri. Yadda nake bin irin wannan aiki shi ne: girman faifai ana karanta shi a wurare huɗu, a jikin faifan, a BIOS (saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe), a Disk Management (wurin da Windows ke nuna faifai da yadda aka yanka su), sannan a This PC. Sai in duba tsakanin waɗanne biyu ne lambar ta faɗi, domin nan ciwon yake. Ita ma lambar da ta rage ba ta zuwa haka siddan. 931, 2048, 746, 32, kowace tana da abin da ke haifar da ita, kuma wanda ya saba da su yana gane ciwon tun kafin ya taɓa kwamfutar.

Mu fara da tsohon faifan. Lafiyarsa ƙalau ta wannan fuskar, babu abin da ya ɓace. Kamfanonin da ke ƙera faifai da dubu suke ƙirga: kilobait ɗaya bait 1,000 ne, gigabait ɗaya bait 1,000,000,000, terabait ɗaya bait 1,000,000,000,000. Windows kuwa da 1,024 take ƙirga, saboda kwamfuta da ninkin biyu take aiki, kuma biyu sau biyu sau biyu har sau goma 1,024 yake bayarwa. Don haka gigabait ɗin Windows bait 1,073,741,824 ne. Ka raba 1,000,000,000,000 da wannan adadi, za ka samu 931.3. Bait ɗin dai su ne, ma'aunin da aka auna su da shi ne ya fi girma, sai adadin awon ya ragu.

Gani ya kori ji. Ka danna maɓallin dama na linzami a kan C, ka zaɓi Properties, ka duba layin Capacity. Za ka ga doguwar lamba ta bait a hagu, da gajeriya ta GB a dama, girma ɗaya da ma'auni biyu. Hasali ma yawancin faifai masu 1 TB bait 1,000,204,886,016 suke ɗauke da shi, wato har da ɗan gyara a kan abin da aka rubuta, shi ya sa Disk Management ke nuna 931.51 GB.

Ratar da ma'aunin Windows ya ba na kamfani tana ƙaruwa ne da girman ma'auni. A kilobait kashi 2.4 cikin 100 ne, a megabait kusan 4.9, a gigabait kusan 7.4, a terabait kusan 10. Lokacin da faifai ke ƙanana ba a cika lura ba, yanzu kuwa giɓin ya kai girman wani faifan. Mai 128 GB zai nuna 119, mai 256 zai nuna 238, mai 500 zai nuna 465, mai 2 TB zai nuna 1.81 TB. Naka mai 4 TB, bayan mun gyara shi, 3.63 TB za ka gani, kada ka sa ran 4.00. Idan kana son lissafi na sauri, ka ninka GB ɗin da ke jikin kwali da 0.931, ko TB da 0.909. Duk abin da ya fito kusa da haka, faifan ya cika.

Tun 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta ware wa ma'aunin 1,024 sunaye na daban: KiB, MiB, GiB, TiB. Apple ta koma ƙirgen dubu a 2009 da Mac OS X 10.6, shi ya sa faifan da Windows ke kira 931 GB, idan ka kai shi Mac 1 TB zai nuna. Windows ta ci gaba da ƙirga da 1,024 tana rubuta GB. A ganina da ta ƙara wannan ƙaramin harafin a tsakiya, da an rage wa mutane da yawa zargin cewa an cuce su.

Saura ɗan abin da ya mai da 931 zuwa 930. Windows tana yanka wa kanta ƙananan yankuna da ba su fitowa a This PC: wanda kwamfuta ke tashi da shi, galibi 100 MB a tsarin zamani, wani mai 16 MB, da na ceto mai ɗaruruwan megabait. Wasu kwamfutocin hannu suna zuwa da ƙarin yankin ceto na kamfani mai gigabait da dama. Ka bar su yadda suke. Wanda ya goge na tashi don ya samu 100 MB, gobe kwamfutarsa ba za ta buɗe ba.

Yanzu ga babbar matsalar. Ka ɗauki sabon faifai kamar fili da ba a yanka ba. Kafin a yi gini sai an buɗe rajista, a rubuta cewa yanki kaza ya fara daga nan ya ƙare a can. Wannan rajistar iri biyu ce, MBR da GPT. Ranar da ka haɗa faifan, wani ƙaramin akwati mai suna Initialize Disk ya fito ya tambaye ka wacce kake so. Kusan na tabbata MBR aka zaɓa, ko kai da hannunka, ko wata manhaja ta zaɓa maka, ko kuwa an taɓa buɗe faifan da ita a wata kwamfutar.

MBR tsohuwa ce, tun 1983 take, zamanin da faifan kwamfutar IBM PC XT ke ɗaukar 10 MB. Faifai a rabe yake zuwa ƙananan gidaje da ake kira sekta, kowace bait 512, kowace da lambarta. Gurbin da MBR ta ware don rubuta wannan lamba bit 32 ne, kuma iyakar abin da bit 32 ke iya ƙirgawa shi ne 4,294,967,296. Ka ninka wannan da 512, za ka samu bait 2,199,023,255,552, wato 2,048 GB a ƙirgen Windows. Duk sektar da ke bayan wannan iyaka tana nan a jikin faifan, lafiyarta lau, amma rajistar ba ta da gurbin rubuta adireshinta. Wannan 1.99 TB da ka gani shi ne 2,048 GB ɗin bayan an ɗan gutsuri bakinsa. Da zarar na ji faifai mai 3 ko 4 ko 8 TB ya tsaya a wannan lamba, MBR nake fara tuhuma, kuma da wuya in yi kuskure.

Ka tabbatar da kanka. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. A ƙasa, ɓangaren hagu, za ka ga Disk 0, Disk 1, kowane da cikakken girmansa. Sabon ya kamata ya nuna 3726 GB da ɗan ɗigo. A damansa za ka ga zane mai shuɗin kai na 2048 GB, sai wani mai baƙin kai na kusan 1678 GB an rubuta Unallocated, wato wurin da ba a yanka ba. Idan ka danna dama a kan baƙin, New Simple Volume zai fito a dushe, ba ya dannuwa. Don ƙarin shaida, danna dama a kan sunan faifan, Properties, sai Volumes, ka karanta layin Partition style. Idan ka ga Master Boot Record, magana ta ƙare.

GPT tana rubuta adireshi da bit 64, iyakarta ta wuce duk wani faifai da ake ƙerawa nesa ba kusa ba. Tana ba ka yanki har 128 a Windows, alhali MBR manyan yankuna huɗu take ɗauka. Abin da na fi so a tare da ita shi ne tana ajiye kwafin rajistar a ƙarshen faifan, idan ta farko ta lalace akwai madogara.

Gyaran kansa gajere ne, shirinsa ne mai cin lokaci. Disk Management ba ta mai da faifai GPT sai babu yanki ko ɗaya a kansa, saboda haka sai bidiyoyin nan sun samu wani masauki tukuna. Ka ce kwafa ka yi, to ka fara duba ko na asalin suna nan inda ka ɗauko su. Idan suna nan, ka huta. Idan ka riga ka goge su, sai ka nemi wani faifan ka kwashe. Kada ka yarda da cewa kwafi ya kammala don kawai akwatin ya rufe. Ka gwada adadin fayiloli da jimillar bait a ɓangarorin biyu, ka buɗe wasu manyan bidiyoyi ka ja su zuwa ƙarshe ka ga suna tafiya. Bayan nan ka danna dama a kan shuɗin yankin, Delete Volume. Sai ka danna dama a kan sunan faifan a hagu, Convert to GPT Disk. Baƙaƙen yankunan biyu za su haɗe su zama ɗaya. New Simple Volume, ka zaɓi NTFS, tsarin fayil na Windows, shi ke nan.

Za ka ga masu koyar da yin haka da diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni da hannu: list disk, select disk, clean, convert gpt. Yana aiki, ni ma da shi nake yi. Amma umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Ka rubuta 0 a inda ya kamata ka rubuta 1, kana danna Enter rajistar wani faifan ta tafi. Idan dole sai ka bi ta nan, ka cire duk wani faifan waje da ba ruwansa da aikin, kuma ka gane naka ta girmansa, kada ka dogara da lambar da ka tuna ta jiya, domin lambobin suna sauyawa.

Akwai manhajojin da ke mai da MBR zuwa GPT ba tare da goge komai ba, irin su gdisk, kuma galibi suna yin aikin lafiya. Duk da haka ban taɓa barin kowa ya taɓa rajistar faifai ba alhali kwafi ɗaya tak yake da shi na kayansa. Wutar lantarki na iya ɗaukewa, hannu na iya zamewa. Idan kuwa kana da kwafi na biyu, to hanyar Disk Management ta wadatar. Shi kuma MBR2GPT da ya zo da Windows 10 sigar 1703 a 2017, an yi shi ne don faifan da Windows ke tashi daga kansa, kuma bayansa sai an sauya saitin kwamfutar zuwa UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS. Bai shafe ka ba. Faifan ajiya zalla mai GPT yana aiki a Windows 10 ko da kwamfutar da tsohon BIOS take tashi. UEFI sharaɗi ne kawai idan daga faifan za a tashi.

To idan ka buɗe Disk Management ka ga shi kansa cikakken girman a hagu bai kai 3726 GB ba fa? Nan lissafi ya sauya, matsalar ta sauka ƙasa da rajista. Idan ka ga 2048 ko 1678 GB a matsayin faifan gaba ɗaya, wani abu a kan hanya ne ke ƙirga da bit 32: tsohon akwatin USB da aka saka faifan ciki, tsohon katin haɗi, ko tsohuwar direbar SATA. Kamar mitar tafiyar mota ce da gurabenta suka ƙare, ta koma sifili ta sake farawa. 3726 a cire 2048, saura 1678. Mai 3 TB kuwa, wanda cikakkensa 2794 GB ne, sai ya fito a 746 GB. Wannan yanayin ya fi na MBR haɗari, domin na'urar da ke rikita adireshi tana iya rubuta sabon abu a kan tsoho. Kada ka ajiye komai a kai. Ka haɗa faifan kai tsaye da kebul na SATA a jikin madabod, babban allon da ke cikin kwamfutar, ka sabunta direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa mahaɗar da ita, ka shiga BIOS ka ga abin da yake karantawa.

Tunda na ambaci akwatin USB, ga wani tarko da ya kamata a sani. Wasu akwatunan suna gaya wa kwamfuta cewa sektar faifan bait 4,096 ce, don MBR ta iya kai wa 16 TB. Faifan da aka tsara a cikin irin wannan akwati, idan aka ciro shi aka haɗa kai tsaye, sai yankinsa ya fito da girman da ba nasa ba, ko Windows ta ce a yi fomatin. Kayan suna nan. A mayar da shi akwatinsa, ko irinsa, a kwashe.

Sauran lambobin ba su shafe ka yau ba, amma sanin su zai yi maka amfani wata rana. Faifan waje da ya koma 32 GB dare ɗaya, kusan kullum an zaɓe shi ne bisa kuskure wajen haɗa filashin saka Windows. Manhajar tana share rajistar ta yanka yankin FAT32 mai 32 GB, sauran ya zama Unallocated. Wanda hakan ta same shi ya daina rubuta komai a faifan nan take, ya gwada TestDisk ko PhotoRec, domin yawancin tsoffin kayan ba a taɓa su ba. Tsohuwar kwamfuta da ta tsaya a 128 ko 137 GB, iyakar adireshi mai bit 28 ce ta kama ta. Wanda ya kwafi faifai mai 250 GB kacokan zuwa mai 1 TB kuma ya ga 232 GB, tsohon shingen ne aka kwafo masa, sai ya faɗaɗa da Extend Volume. Idan wannan ya ƙi dannuwa, ya duba ko yankin ceto ya shiga tsakani, domin Windows ba ta faɗaɗa yanki sai fankon wurin yana manne da shi ta dama. Manhajar GParted na iya matsar da yankin da ya tare hanyar. Wani lokacin kuma Disk Management ta nuna yankin ya faɗaɗa amma This PC ta tsaya a tsohuwar lamba. Nan shingen ya matsa, tsarin fayil ne bai biyo ba, kuma a diskpart, bayan an zaɓi yankin da select volume, umarnin extend filesystem yana gyara shi. Faifai biyu masu 2 TB da aka haɗa a RAID 1 kuwa wurin guda ɗaya za su bayar, domin ɗayan madubin ɗayan ne.

Idan BIOS da kansa ya karanta ƙasa da abin da ke jikin faifan, abu biyu nake dubawa. Na farko ɓoyayyen yanki da ake kira HPA, inda ake umartar faifan ya riƙa faɗin girman da bai kai nasa ba. Wasu tsoffin madabod suna yin haka don ajiye kwafin BIOS a ƙarshen faifai, wasu manhajojin kwafi ma suna barin sa. A Linux, umarnin hdparm -N yana fito da lamba biyu, wadda faifan ke nunawa da ta ainihi. Idan sun bambanta, ga shi nan. Ana cire shi, amma aikin wanda ya san abin da yake yi ne, kuma bayan an kwashe kaya.

Na biyu shi ne mutuwa. Faifan da ya koma 0 MB, ko ƴan megabait, ko ya fito da baƙon suna da ba nasa ba, ko yana ƙas-ƙas idan an kunna, wannan ba matsalar lissafi ba ce. A kashe shi, a daina kunnawa da kashewa ana fatan sa'a, domin kowane kunnawa na iya ƙara ɓarna. Amma bari in gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa lalatattun sektoci suna rage girman faifai sannu a hankali. Faifai yana da sektocin ko-ta-kwana da ba a lissafa su cikin girmansa, yana musanya lalatacciya da su a ɓoye, lambar girman ba ta motsi. Saboda haka cikar lamba ba shaidar lafiya ba ce. Lafiya a bayanan SMART ake ganin ta, wato rahoton da faifan ke ajiyewa game da halin da yake ciki. Ka saka CrystalDiskInfo ka duba layuka uku, 05, C5 da C6: sektocin da aka musanya, waɗanda ake shakka a kansu, da waɗanda suka gagara karantuwa. A sabon faifai duka sifili ya kamata su kasance. Idan suna hawa, a kwashe kaya tukuna kafin a yi tunanin chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai, domin dogon bincike yana wahalar da faifan da ke gargara.

Wannan manhajar za ta amsa maka tambayar jabu ma. Tana nuna ainihin lambar samfurin faifan da awannin da ya yi yana aiki. Ka gwada lambar da ta jikin takardar da ke manne da shi. Idan sabo aka ce maka amma awannin sun kai dubbai, tsoho ne aka sake wa riga. Shi jabu na gaske akasin matsalarka yake yi: yana nuna girman da ba shi da shi. An fi samun sa a filashi, katin waya da ƙananan SSD na waje. Zai ce 2 TB ne, ya karɓi fayiloli ba musu, sunayensu su fito, amma duk abin da ya wuce ɗan ainihin girmansa ya tafi. Hanyar kama shi ita ce a cika shi a sake karantawa, aikin da H2testw ke yi a Windows, f3 kuma a Linux da Mac.

Saura C da ya cika. Nan girman bai ragu ba, wani abu ne ke zaune a ciki ba ka ganin sa. Idan ka zaɓi foldoji ka duba Properties, Windows ba ta lissafa ɓoyayyun fayilolin da ba su shiga zaɓinka ba, da waɗanda ba ka da izinin shiga. Ka ɗauko WizTree ko WinDirStat ko TreeSize, ka buɗe shi da Run as administrator, in ba haka ba shi ma zai tsallake wuraren da muke nema. Zai jera maka komai daga babba zuwa ƙarami.

Wasu za ka gan su a kowace kwamfuta. Akwai hiberfil.sys, inda ake juye abin da ke cikin RAM idan kwamfuta ta shiga dogon barci, wanda a Windows 10 yakan kai kashi 40 cikin 100 na RAM, wato kusan 6.4 GB ga mai 16 GB. Umarnin powercfg /h off yana cire shi, amma zai tafi da dogon barcin da kuma Fast Startup. Akwai pagefile.sys, wanda ban ba da shawarar a taɓa ba, balle ga mai aikin bidiyo. Akwai Windows.old bayan babban sabuntawa, wanda ke gogewa da kansa bayan kwana 10. Akwai kusan 7 GB da Windows ke keɓewa don sabuntawa tun sigar 1903 ta 2019. Foldar WinSxS kuwa kada ka goge komai a cikinta da hannu, Disk Cleanup ne ke da hurumin rage ta.

Sai dai ka lura, duk waɗannan a haɗe gigabait gommai ne, kai kuwa ɗaruruwa kake nema. Tunda aikin bidiyo kake yi, inda na fi zargi shi ne ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar tace bidiyo. Irin waɗannan manhajoji suna tara fayilolin samfoti da na sauti a ƙarƙashin AppData ko Documents, kuma da yawa ba sa sharewa sai an umarce su. Ka share ta daga cikin saitin manhajar, sannan ka mayar da mazauninta sabon faifan. Na biyu, wuraren komawa baya na System Restore da ke cikin System Volume Information. Umarnin vssadmin list shadowstorage zai gaya maka nawa suka ci da iyakar da aka sa musu, kuma a System Protection ake rage iyakar. Sai Recycle Bin, wanda mai goge manyan bidiyoyi yakan manta cewa suna nan har sai ya zubar, da ajiyar wayar hannu da aka yi a kwamfuta, da foldojin wasu masu amfani da kwamfutar, da kwafin fayilolin da manhajar ajiyar intanet ta sauko da su. Duk abin da ka gani babba kuma ba ka san shi ba, ka binciki sunansa kafin ka goge.

Ga yadda zan jera aikin da a gabana kwamfutar take. Disk Management da farko, in ga 3726 GB a hagu. CrystalDiskInfo a kan faifan biyu, tsohon ma, tunda shi ke ɗauke da Windows da sauran kayanka. Sai sharar C, domin wurin da ya samu zai iya ɗaukar wani ɓangare na bidiyoyin. Sai kwashewa da tabbatarwa, sai GPT. Wajen ƙirƙirar sabon yankin, tunda faifan sabo ne kuma babu komai a kai, ka cire alamar da ke kan Perform a quick format. Cikakken fomatin yana bin kowace sekta ya rubuta a kanta, a faifai mai 4 TB zai ci awanni da yawa, ka bar shi ya kwana yana yi. Da safe ka sake duba 05, C5 da C6. Idan har yanzu sifili ne kuma This PC ta nuna 3.63 TB, ka mayar da bidiyoyinka, amma ka bar wancan kwafin na biyu inda yake.